Neman takun da ke ɓacewa a layin X

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Allon sunan wani shago nake sassaƙawa a kan katakon maɗaci. Haruffan farko sun fito tsaf, amma daga tsakiyar aikin sai rubutun gaba ɗaya ya gusa hagu, harafi ya hau kan ɗan'uwansa. Da injin ya gama na umarce shi ya koma mafari, sai bakin yankan ya tsaya milimita 3.2 nesa da inda ya tashi. Kwamfuta kuwa tana nuna X a kan 0.000, wato a wurinta komai lafiya lau.

Ga wanda bai san injin ba, ƙaramin CNC ne, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda ake saye a warwatse a haɗa a gida. Firam ɗinsa alminiyom ne. Layin X (hagu da dama) da na Y (gaba da baya) bel ke jan su, irin GT2 mai haƙori ɗaya a kowace milimita 2, a kan fuli mai haƙora 20. Layin Z (sama da ƙasa) dogon sukuru ke ɗaga shi. Ƙwaƙwalwarsa Arduino Uno ce mai ɗauke da manhajar GRBL, direbobin moto (ƙananan allunan da ke ba motoci wuta) DRV8825, wutar kuma bolt 24. Motocin irin masu tafiya taku-taku ne, NEMA 23, an rubuta amfiya 2 a jikinsu.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara irin waɗannan injuna. GRBL aika umarni kawai yake yi: yi taku kaza zuwa dama. Babu wata waya da ke dawo masa da labarin ko moton ya yi takun ko bai yi ba. Kamar makaho ne da ya haddace adadin takun da ke tsakanin gidansa da masallaci, in ƙafarsa ta zame sau ɗaya a hanya ƙirgensa yana nan daidai amma ba a bakin ƙofa zai tsaya ba. Don haka lambar da ke kan kwamfuta ba shaida ba ce. Dole in samo shaida daga jikin injin.

Na huda ɗan ƙaramin rami da baki mai tsini a kusurwar teburin, can inda aiki ba ya kaiwa. Daga yau duk aikin da na yi zan dawo da bakin kan wannan rami in auna tazarar in rubuta. Na kuma ja layi da maka daga kan sandar moton har kan fuli, saboda in fulin na zamewa layin zai karye.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yau lissafi na fi yi, kuma shi ne ya fi yi mini amfani.

Moton yana yin taku 200 kafin ya zagaya sau ɗaya, kowane taku digiri 1.8. Zagaye ɗaya na fuli haƙora 20 ne sau milimita 2, wato milimita 40. Ke nan cikakken taku ɗaya milimita 0.2 ne. Direban yana raba kowane taku gida takwas, sai ya zama ƙananan taku 1,600 a zagaye, 40 a kowace milimita, kuma abin da ke cikin $100 ke nan (GRBL da alamar $ da lamba yake kiran kowane saiti nasa). Ƙaramin taku ɗaya milimita 0.025 ne.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: moton taku ba ya zubar da taku ɗaya tak. Ƙarfen da ke juyawa a cikinsa haƙora 50 gare shi, kuma yanayin maganaɗisun da kwayil biyun ke samarwa yana maimaita kansa ne bayan kowane taku huɗu. Hamsin sau huɗu shi ne 200 ɗin. In kaya ya fi ƙarfinsa ya kuɓuce, sai ya faɗa haƙori na gaba, digiri 7.2 ke nan, taku huɗu cif. A injina wannan milimita 0.8 ne. Duk ranar da moton da kansa ya zame, kuskuren zai kasance 0.8 ko 1.6 ko 2.4 ko 3.2, haka dai. In bel ne ya tsallake haƙori, kuskuren 2 ne ko 4 ko 6. In fuli ne ya zame a kan sanda, lambar ba ta da tsari, kowace iri tana iya fitowa. In kuma hayaniyar lantarki ce ke shiga wayar umarni, kuskuren ɗan ƙarami ne mai taruwa a hankali. Lamba 4 ce kaɗai mai rikitarwa a kusa, domin tana rabuwa da 0.8 tana kuma rabuwa da 2.

Akwai kuma wasan da ake samu in bel ya saki, inda da'ira ke fitowa da ɗan gefe. Wannan ba ɓatan taku ba ne, domin ba ya taruwa, in ka dawo mafari ta hanyar da ka saba za ka tarar da raminka.

Na sa tarkacen katako na maimaita aikin jiya. Lambobin da ma'auni ya ba ni: 1.6, 0.8, 3.2, 2.4. Babu ko ɗaya da ta fita daga gidan 0.8. Layin makan yana nan a miƙe. Na dai cire ƙananan sukurorin fulin na ɗiga musu gam ɗin noti mai launin shuɗi, na tabbatar ɗaya ya zauna a kan shafaffen gefen sandar, tunda hannuna na wurin. Amma bel da fuli sun fita daga zargi. Moton ne ke kuɓucewa, saura in san dalili.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ƙanena ne ya lura da abin da ya buɗe hanya. Ya ce, "Yaya, ni fa ban taɓa ganin ya yi wannan abin da safe ba, sai bayan azahar." Na duba abin da na rubuta, gaskiyarsa ne. Kano a watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40 ya wuce, ɗakin aikina kuma rufin kwano ne.

Na gudanar da aikin a iska, bakin yanka a sama, rauta (moton da ke juya bakin) a kashe. Da safe ya dawo kan rami daidai. Da yamma, bayan ya daɗe yana tafiya, sai na ji X ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, ya yi wata 'yar girgiza, ya ci gaba. Babu katako, babu rauta, ya zubar da 1.6. Wannan ya wanke nauyin yanka, ya kuma wanke hayaniyar rauta, aƙalla a wannan karon.

Na buɗe akwatin. Ƙarfen shan zafi da ke kan direban X ba ya taɓuwa, garin katako kuma ya toshe tsakanin haƙoransa. Shi ne ya fi kowanne nisa da fanka. Aisin (IC, ɗan guntun lantarki) da ke kan DRV8825 yana da kariya: in zafin cikinsa ya kai wajen digiri 150 sai ya yanke wa moto wuta, in ya ɗan huce ya mayar. Aikinsa yake yi, ba lalacewa ya yi ba. Amma GRBL bai san an yanke ba, yana ta aika taku. Da wutar ta dawo sai moton ya kama haƙorin da ya fi kusa da shi, shi ya sa kuskuren bai fita daga gidan 0.8 ba.

Don in tabbatar, na kashe wuta na musanya direban X da na Z. Matsalar ta zauna a X. Ke nan ba wannan direban ne mai rauni ba, wurin zaman ne da yawan aikin da X ke yi.

Sai na auna abin da aka saita. Baƙar wayar mita a kan ƙasa, jar a kan ɗan ƙarfen da ake murɗawa a saman direban. Ya nuna bolt 1.0. A waɗannan direbobi masu rezista R100, amfiya ninki biyu ce ta wannan lamba, wato an saita shi a amfiya 2, daidai da abin da ke jikin moton. A takarda babu laifi. Sai dai wannan ɗan allo, in ba iska mai kyau yake samu ba, kusan amfiya 1.5 ce abin da yake ɗauka cikin kwanciyar hankali. Wanda ya saita shi bai yi lissafi da zafin bazara a ƙarƙashin kwano ba.

Na sauke shi zuwa 0.75, amfiya 1.5 ke nan. Zafi yana bin amfiya sau kanta ne, don haka rage kashi ɗaya cikin huɗu ya rage kusan rabin zafin. Na busa garin katakon, na ƙara fanka ta biyu tana hura direbobin kai tsaye, na sa ɗan soso a bakin shigar iska.

Gargaɗi ga mai son yin wannan: kada a cire wayar moto ko a sa ta alhali direba na da wuta. Kwayil ɗin yakan mayar da wuta mai ƙarfi ya ƙona aisin nan take. Kuma a yi amfani da sukundireba na roba ko na tangaran wajen murɗa ɗan ƙarfen nan, don na ƙarfe in ya goce zai haɗa ƙafafu biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Gwajin iska da tsakar rana, ya dawo kan rami. Na kuma auna bolt 24 ɗin yayin da duk motocin ke tafiya, a wutar NEPA da kuma a janareta, bai sauka yadda zai dame ni ba. Na dai raba soket ɗin rauta da na akwatin.

Asabar, 12 ga Afrilu

Tsugune ba ta ƙare ba. Na sa maɗaci na gaske, sai X ya zubar da 0.8, daga baya 2.4. Wannan karon babu shiru kafin abin, ƙara ce mai kama da gurnani, kuma a daidai kusurwa inda injin ke sauya hanya. Direban da ɗuminsa kawai. Dalilin a fili yake: na rage amfiya, ƙarfin moton ya ragu da ita.

Shawarar da ake yawan bayarwa a nan ita ce a ƙara bolt, domin moton taku ƙarfinsa na raguwa in gudu ya yi yawa, wuta ba ta samun lokacin cika kwayil kafin taku na gaba. Maganar gaskiya ce, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Iyakar gudun da ke cikin $110 milimita 8,000 ne a minti. A raba da 40, zagaye 200 kacal a minti. Wannan ba gudun da zai gajiyar da moto a kan bolt 24 ba ne. Taku 5,300 da 'yan kai a sakan kuma bai kusa da iyakar Arduino Uno ba, wadda take wajen 30,000. Mai injin sukuru, wanda motonsa ke zagaye da yawa kafin ya ci milimita kaɗan, shi ne wannan shawara ta fi shafa. Mai bel ya fara duba nauyin da moton ke ja.

Na yi wannan lissafin ma. Daga tsakiyar fuli zuwa inda bel ke zama kusan milimita 6.4 ne. Moto mai ƙarfin juyi N·m 1 zai ja abin da ya kai nauyin kilo 16 a kan wannan fuli, a tsaye kuma da cikakkiyar amfiya. A amfiya 1.5 ya sauko wajen kilo 12, in yana tafiya kuma ƙasa da haka. Daga cikin wannan za a cire na ture katako, na tayar da kan injin daga tsaye, da na duk wani gogayya da ke hanya. Ba yawa gare shi ba.

Sai na kwance bel na tura kan injin da hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Bai kamata ya yi nauyi haka ba, kuma akwai inda yake ɗan cijewa. Garin MDF (katakon da ake yi da matsattsen garin itace) ya haɗu da danshin katako ya daskare a kan tayoyin roba da cikin kwarin firam. Tayoyin ƙasa kuma an matse su har ba sa juyuwa da yatsa. Na kankare, na goge, na sassauta notin da ke matse su har taya ta zama tana juyuwa da yatsa da ɗan ƙarfi amma kan ba ya kaɗawa. Wata taya boris ɗinta na ƙara, na sauya ta. Ban sa giris ba, domin a wannan wuri giris gari yake tarawa.

Bayan na mayar da bel na koma kan $120, wato saurin da injin ke tashi daga tsaye zuwa cikakken gudu. Yana kan 500. Na riƙa ɗaga shi a gwajin iska har moton ya kuɓuce, don in san iyakarsa, sannan na sauko nesa da wurin, na tsaya a 250. $110 kuma na mayar da shi 5,000.

A wajen yanka, abin da na rage zurfi ne, ba gudu ba. Baki mai milimita 6 mai kaifi biyu, rauta na juyi 18,000 a minti, injin na tafiya 1,500: kowane kaifi yana ɗaukar kusan milimita 0.04. Wannan ma siriri ne. In na ƙara rage gudu bakin zai daina yanka ya koma gugar katako, ya yi zafi, ya dakushe, dakusasshen baki kuwa shi ya fi kowa ture moto. Na sauko daga zurfin milimita 3 zuwa 1.5, na sa sabon baki. Aikin ya ɗauki lokaci amma ya dawo kan rami.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wani sabon salo ya ɓullo. Ba ruwansa da zafi, ba ruwansa da katako. Duk lokacin da kan injin ya kusa ƙarshen dama sai moton ya yi rawar sanyi, wani lokaci ya wuce, wani lokaci ya tsaya yana kakkarwa. Da hannu wurin sumul yake, babu cijewa. Matsalar da ke bin wuri alhali ƙarfe lafiya, waya ce, domin waya ita ce abin da ke lanƙwasa daban a kowane wuri.

Na kashe wuta na cire wayar X daga direba, na auna kwayil biyun da mita. Kowanne ya nuna om ɗaya da wani abu, daidai. Na bar mitar a haɗe, ƙanena yana tura kan injin a hankali. Da ya kusa dama sai lambar kwayil ɗaya ta yi tsalle ta ɓace ta dawo. Da kwayil ɗaya moto ba ya sanin inda zai nufa, sai ya tsaya yana kakkarwa.

Na zare wayar daga sarƙar robar da take bi. A ido babu ko ƙwarzane. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, na ce, "Baba, ku duba mini wannan, mita ta ce a karye take amma ni ban ga wurin ba." Ya bi ta da yatsa a hankali yana lanƙwasawa, ya tsaya a wani wuri ya ja, sai robar ta miƙe kamar babu komai a ciki. Ya ce, "Ga shi nan, ɗana. Wannan wayar zama ce, ba ta tafiya ba. Nemo mai silli da yawa ƙanana." Da muka fere wurin, silli biyu ne kawai suka rage suna taɓa juna.

Na samo waya mai jijiya huɗu mai laushi, mai rigar ƙarfe a ciki, a kasuwar Sabon Gari. Rigar na haɗa ta da ƙasa ta gefen akwati kaɗai. Na ɗaure wayar a farkon sarƙa da ƙarshenta na bar tsakiya a sake, don lanƙwasar ta bazu kada ta taru a wuri ɗaya. Wannan karyewar ta ba ni tsoro fiye da sauran, domin wayar da ke yankewa tana haɗewa daidai take da cire moto da wuta a jiki. Direban ya tsira, amma ban ƙara amincewa da shi ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na sa wa X babban direba na waje, irin DM542, don in mayar wa moton cikakkiyar amfiyarsa ba tare da tsoron zafi ba. Na saita 'yan makunnan jikinsa a taku 1,600 don $100 ya zauna a 40, amfiya kuma na zaɓi layin da ya dace da moton a teburin da aka buga a jikinsa. Ƙarar moton ta yi laushi sosai, ƙarfi kuma ya dawo.

Amma da na gwada wani zane mai ƙananan lanƙwasa da yawa, sai ya dawo da kuskuren 0.35. Na sake, 0.35. Wani zanen ya ba da 1.15. Waɗannan ba 'yan gidan 0.8 ba ne, ba kuma 'yan gidan 2 ba. Layin maka a miƙe. Kuma lamba ɗaya take fitowa duk lokacin da na maimaita zane ɗaya, ko rauta na kunne ko tana kashe, hayaniyar lantarki kuwa ba ta maimaita kanta haka.

Na rubuta ɗan gajeren umarni: je dama milimita 10, dawo, sau 100. Ya ƙare milimita 5 nesa da rami. Na rubuta wani: je dama milimita 500, dawo, sau ɗaya. Ya dawo kusan daidai. Ke nan ba tsawon tafiya ke jawo shi ba, yawan juyawa ne. Kowace tafiya da dawowa tana cin 0.05, ƙananan taku biyu cif.

Ga abin da ke faruwa. Wayoyi biyu ne ke kai umarni, ɗaya ta taku, ɗaya ta alkibla. GRBL yakan sauya alkibla ya aika taku kusan a lokaci guda. Ƙaramin direba yana jin wannan ba matsala. Babban kuwa umarni na shiga masa ne ta wata 'yar fitila da ido a ciki, don a raba wutarsa da ta Arduino, kuma littafinsa ya ce alkibla ta riga taku da aƙalla kashi 5 cikin miliyan na sakan. In ba ta riga ba, takun farko bayan juyawa sai ya tafi tsohuwar hanya. Taku ɗaya da ya kamata ya je hagu ya je dama, tazarar taku biyu ke nan. Da a ce hakan na faruwa a juyawa biyun da sun cinye juna, amma fitilar saurin kunnuwarta da na mutuwarta ba ɗaya ba ne, sai gefe ɗaya kawai ke makara, kuskuren ya yi ta taruwa.

Magani biyu ne. Akwai wani layi a cikin fayil ɗin config.h na GRBL, STEP_PULSE_DELAY, da ake buɗewa a sake loda manhajar don ya jinkirta taku. Mai sauƙin kuma shi ne a kifar da siginar taku ta $2, yadda direban zai ɗauki takun a ƙarshen bugun maimakon farkonsa. Tsawon bugun yana cikin $0, kuma kashi 10 ne cikin miliyan na sakan, ya ninka abin da direban ke nema. X shi ne lamba 1 a wannan saiti. Na rubuta $2=1, na sake gwajin sau 100, bakin ya sauka cikin rami.

Asabar, 3 ga Mayu

Abubuwa biyu na ƙarasa. $1 yana kan 25, wato da zarar injin ya tsaya GRBL na sakin motoci, kuma hannu na iya ture kan injin wajen sauya baki ba a sani ba. Na mayar da shi 255 don su riƙe kullum. Babban direban yana da makunnin da ke rage amfiya zuwa rabi in moto na tsaye, na kunna shi. Na kuma ɗaura makunnan iyaka a layukan uku na sa $22=1, yadda in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki injin zai nemo kusurwarsa da kansa in ci gaba daga inda aka tsaya.

Na sassaƙa fuskar ƙofa a kan iroko, aiki mai tsawo, daga hantsi har la'asar. Ma'auni bai nuna tazarar da ta wuce 0.05 ba. $120 na ɗaga shi zuwa 350 tunda ƙarfi ya dawo, zurfin yanka kuma milimita 2.

Layin Y har yanzu yana kan ƙananan direbobi a amfiya 1.5, kuma motoci biyu ne ke jan sa, ɗaya a kowane gefe. In ɗaya ya zame ɗayan bai zame ba, gadar za ta karkace, murabba'i ya daina fitowa murabba'i, ramin shaida guda ɗaya kuma ba lallai ya nuna ba. Na huda rami na biyu a ɗaya kusurwar, na ja layin maka a fulin kowane gefe. Wayoyinsu irin tsohuwar wayar X ce, don haka su zan fara sauyawa ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, kafin in sayi direbobinsu.